Tozalin Iya da Filastan Zufa

Kura.

Zuwa ga ɗana Ɗanbaba,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane? Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Ilham, ɗalibar da ka turo daga jami'a, ta iso da abin da ka ƙera. Na zaci wani ƙaton inji zan gani, ashe ɗan filasta ne mai siraran wayoyi. Ta manna mini a bayan hannu, ta ce zufa yake sha ya auna ta da lantarki, wayarta ta nuna ko akwai dalma ko wani ƙarfe a jikin mutum. Zufa kuwa ba ta yi mini wuya ba, tunda wuni nake a bakin tukunyar turara shinkafa.

Cikin matan da aka auna, nawa ya fi nuna dalma. Ilham ta tsorata. Ni da ta ce za ka taho da kanka ka kai ni asibiti, Allah ya sani murna na yi. Tun rasuwar babanka gidan nan ya yi mini girma, tuwo ma na daina tuƙawa saboda ba mai taya ni ci. Har na share ɗakinka.

Iyarka, Zuliha.

Ɗanbaba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ilham ta dawo, ta zauna tana kallon aikina. Hayaƙi ya sa ni hawaye, na goge ido da bayan hannu, daidai kan filastan. Ashe tozalina yake ta aunawa, wanda nake saye ranar kasuwar Bunkure, don akwai dalma a cikinsa. Ta manna sabo a gadon bayana, bai nuna abin tsoro ba. Ta hana ni tozalin, na bari.

Matan unguwa sun shigo barka, na yi musu dariyar dole. Na roƙi Ilham ta bari in sanar da kai da kaina. Raina ya so in yi shiru har ka sauka, amma ba zan ɓata maka aikinka da ƙarya ba.

Lafiyata lau, Ɗanbaba. Ba ni da ciwon da zan kira ka da shi. Duk da haka, ka zo.

Allah ya yi maka albarka.

Iyarka, Zuliha.