Kabarin da Suka So Mu Aro Maka

Zuwa ga Yakubu,

Bayan gaisuwa irin wadda aka saba, ko da yake na san da kana nan cewa za ka yi in tsallake ta in shiga magana. To, ga maganar.

Ƙanenka Nura ya iso Doha makon jiya. Tikitin ƙwallo ya saya, domin a wannan wata na gasar kofin duniya ita ce hanya mafi sauƙi ta shigowa ƙasar. Ko ƙofar filin wasa bai taka ba. Hajiya, mahaifiyarku, ce ta aiko shi ya ga kabarinka.

Ba ka san abin da ya biyo bayan tafiyarka ba. Korona ta ɗauke ka lokacin da jirage ba sa tashi, don haka babu zancen kai ka Zariya. Ƙona gawa, da ka taɓa ambata cikin raha, ba a yin sa a nan. Saura biyu: maƙabartar musulmi, ko ta waɗanda ba musulmi ba, can yamma cikin hamada. Ma'aikacin da ke cike takarda ya dubi sunanka, ya ga kowane ɓangare na amfani da shi, ya tambaye ni addininka. Takardar ba ta da gurbin wanda ba shi da ko ɗaya.

Na tuna abin da ka gaya mini a shagon shayin nan na Muntaza: “Sale, in na riga ka, kada ka bari a yi ƙarya a kan gawata. Na gaji da yin ta da raina.” Duk da haka na nemi kwana ɗaya in yi shawara da mutanenmu. Kuskurena ke nan.

Kwana tara ka yi a firjin asibiti ana muhawara a gurup ɗin 'yan gida. Wasu suka ce ba za a haɗa ka da musulmi ka dame su a kwance ba. Wasu suka ce a lallaɓa a yi maka sallah, kada Larabawa su ji Bahaushe ya bar addini, mutuncinmu ya zube. Injiniyan nan da ya yi wata biyu a falonka kafin ya sami kafil, wato mai tsaya masa ya zauna a ƙasar, shi ya fi kowa dogon saƙon murya. Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tambayi abin da kai ka so.

Rana ta goma na koma na ce wa ma'aikacin ba musulmi ba ne. Mu biyu muka raka ka, ni da Malam Isa direba, mutumin da sahun farko ba ya wuce shi. Abin da ya ce a mota kawai: “Ni ban san zuciyarsa ba, amma mutum ba kaza ba ne da zai yi ta kwana a firji.” Babu wanka saboda cutar, babu sallah saboda wasiyyarka. Muka tsaya da takunkumi a fuska har aka rufe ramin. Da na kira Hajiya na ce mata an rufe ka lafiya, ban ƙara ba. Wannan shirun nawa ne, ban ɗora wa kowa shi ba.

Sai da Nura ya zo na ji sauran. Ashe Alhaji Garba, shugaban ƙungiyarmu, ya kira ta a ranar, ya ce sahu uku aka yi maka, shi ya ja sallar. A lokacin da aka hana taro! Shekara biyu tana riƙe da wannan.

Da ya ji Nura ya sauka, ya gayyace ni gidansa a Nu'aija. Falo cike da baƙi ana kallon wasa, ya ja ni gefe. Wai in kai Nura maƙabartar musulmi, in nuna masa kowane kabari marar suna, ya ɗauki hoto, shi ke nan. Ya kira wannan rufin asiri. Yakubu, shekaru na yi ina tace labarai, na ga ƙarya iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda aka ari gawar wani don a yi ta ba. So yake uwarka ta zuba hawayenta a kan ɗan wata. Na ajiye masa gahawarsa ban kurɓa ba, na fito.

Jiya na kai Nura inda kake. A hanya na gaya masa komai a jere. Da muka isa ya dubi gicciyoyin da ke kewaye da kai, ya dubi dutsenka mai suna kaɗai, ya durƙusa ya share yashin da ya rufe haruffan. Sai ya kira Hajiya ta bidiyo, ya juya mata wayar, bai kauce wa komai ba.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta tambayi dalili ba. Ta tambayi waɗanda suka raka ka, ta ce a ba ta lambar direban. Sannan ta ce Nura ya matso da wayar kusa da ƙasa. Kai ne ɗan farinta, ka sha gaya mini kunya ba ta taɓa barin ta ta kira sunanka ba, sai dai “wannan yaron”. Jiya ta kira shi. Sau biyu.

Kai ka ce ba za ka ji ba, ni kuma na yi imani ka ji. Ba zan yi maka addu'ar da ba ka so ba. Allah ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya saka wa Malam Isa da alheri, ni kuma ya yafe mini kwana taran nan.

Abokinka,
Sale
Muntaza, Doha