Kambun Mista Whitlow

Hyattsville, ranar Laraba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Inna. Yaya ƙafar taka? Bashar ya koma makaranta kuwa?

Ni lafiya lau, sai dai na kasa zama wuri ɗaya. Tsohon nan da nake jinya, Mista Whitlow, ya rasu ranar Lahadi. Kada ku damu, ofishinmu sun ce za su tura ni wani gidan, ba su dai ce yaushe ba.

Shekara arba'in ya yi yana koyar da harshen Latin. Da tsufa ya ci ƙarfinsa, har sunan 'yarsa ya manta, amma bai manta "corona" ba. Kambu ke nan, na ganye ko furanni, da ake ɗora wa wanda aka girmama. Kullum ina ba shi abinci yana biya mini: corona, coronae, coronam. Ƙarshen kalmar ke sauyawa gwargwadon aikinta a jimla, kamar nahawun da kake koyarwa a zaure. In na yi kuskure sai ya bugi tebur, kai sak.

Yanzu 'yarsa ta roƙe ni in ɗora kambun furanni a kabarinsa ranar Asabar. Baba, ya halatta? Sau uku ina ɗaukar waya in tambaye ka, ina ajiyewa. Shi ya sa na rubuto, don na san wasiƙar ba za ta iso hannunka ba sai bayan Asabar.

Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Ramla