Itacen da Mamman Ya Bari

Alhamis, 22 ga Maris, 2007

Yau aka yi sadakar arba'in ta mijina Mamman. Jama'a sun watse, sun bar mini addu'a da tarin wanke-wanke. Bayan la'asar yayansa, Alhaji Bubayero na Itas, ya tsaya bakin ƙofata, ni ina ciki da mayafin takaba. Maganar yara ce. Wai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗinkin hula ba ya riƙe gida, gara Najmuddeen da Khaulat su koma wurinsa, ni kuma in na fita takaba in koma gidanmu Chinade. Na ja mayafina na rufe fuska. Sai ya waiga ya dubi tulin itacen da ke jikin katanga ya ce, "To, a bar miki su har itacen nan ya ƙare, sai mu sake zama."

Marke ne zalla. Mamman ya kwaso shi a a-kori-kurarsa daga hanyar garin Yana, kafin zazzaɓin nan ya kwantar da shi. Da hannunsa ya faskara, yana yi mini tsiya wai murhuna ya fi maƙera cin wuta.

Ban taɓa kallon itace yadda na kalle shi yau ba.

Asabar, 24 ga Maris

Tuwo, miya, kunu, ruwan wanka. Har gefen tulin ya faɗa. A haka ko damina ba zai gani ba.

Talata, 27 ga Maris

Na daki Najmuddeen don ya zari itace zai gasa dankali. Yaro ɗan shekara goma, ina ya san abin da ke ƙonewa? Bai yi kuka ba, kallona kawai ya yi. Ni na shiga ɗaki na yi kukan.

Lahadi, 1 ga Afrilu

Goggo Kande, ƙanwar babana, ta zo daga Chinade a kan acaɓa. Maginiyar tukwane ce, bakinta kuwa ba ya ajiya. Ta same ni ina fifita wuta, hayaƙi ya cika mini ido, ta ce, "Ke Bara'atu, tukunya kike dafawa ko sararin Allah?" Wai murhun duwatsu uku rabin wutarsa iska ce ke shanyewa. Wasu malaman gona sun koya wa matan garinsu ginin murhun laka, an ce don a rage sare daji. Ni ina ruwana da daji. Na gaya mata maganar Alhaji, nan take ta ɗaure zani a ƙirji.

Laka, ƙaiƙayi da kashin jaki. Ta kwaɓa da ƙafa, ta gina shi kamar ƙaramin rumbu, tukunya ta nutse ciki har wuya, ƙofa ɗaya 'yar ƙarama ta sa itace. Sai da aka kawar da duwatsun nan uku. Mamman ne ya kafa su ranar da muka tare a gidan nan, yana ta gyara na ukun don tukunyata ta daina karkata. Goggo ta mirgina su bayan ɗaki kamar ba komai ba. Na ce mata hayaƙi ne ya sa idona ruwa, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Litinin, 9 ga Afrilu

Murhun ya bushe. Ƙirare uku suka dafa tuwo da miya, har da saura. Na tsaya ina kallonsa kamar wadda aka yi wa rufa-ido. Da Mamman yana nan da ya sha dariya, ya ce ashe maƙerar ta tuba.

Na yi murna, sai kuma murnar ta ba ni haushi.

Juma'a, 20 ga Afrilu

Sabuwar dabara daga Iyabo, Bayarabiyar da ke sayen hulunana. In wake ya tafasa sau biyu, a sauke, a naɗe tukunyar a bargo, a cusa cikin kwando, da kansa zai ƙarasa nuna. Bargon Mamman na sa, shi ne mai kauri. Yanzu warin wake yake yi, ba warinsa ba. Ban yi wannan tunanin ba sai da aikin gama ya gama.

Ita ta kawo mini fitila mai batir, na rataye fitilar ƙwai na huta da kananzir. Khaulat ta rage tari tun da hayaƙi ya yi sauƙi. Wannan kam ban roƙa ba, kyauta ce.

Talata, 15 ga Mayu

Abin kunya. Tun zuwana unguwar nan a gidana ake ɗiban wuta da safe, don murhuna ba ya rabo da garwashi. Sabon nan kuwa cinye ɗan abin da aka ba shi yake yi tas, sai toka. Yau Ya Gana, tsohuwar da muke katanga ɗaya, ta shigo da kaskonta, na ce babu. Ta dubi tulin itace, ta dube ni, ta fita ko sallama babu. Kafin azahar labari ya zaga: matar Mamman ta hana wuta. Wutar da ko maƙiyinka ba ka hana shi.

Su faɗa. Su 'ya'yansu ba a jikin katanga aka jingine su ba.

Alhamis, 17 ga Mayu

Ban iya barci da maganar ba. Tunda ba ni fita, ta kan katanga na kira Ya Gana na gaya mata komai. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "'Yar nan, da kin faɗa tun farko." Da yamma sai ga ƙaramin dami na karan dawa an jefo tsakar gida. Ban tambayi wanda ya jefo ba.

Talata, 19 ga Yuni

Na fita takaba. An yi mini kitso, an sa lalle, mata sai barka suke yi, wai na yi kyau. Ga wa?

Tulin bai kai rabi da ƙarewa ba.

Asabar, 28 ga Yuli

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mun kwashe itacen da ni da yara zuwa ɗakin Mamman, muka jera shi inda katifarsa take a da. Najmuddeen ya fi ni iya murhun yanzu, shi ke yi wa Khaulat faɗa in ta sa ƙirare huɗu. Ban taɓa gaya masa dalili ba. Amma yau yana jera itacen, bai ɗago ba, ya ce, "Umma, wannan zai kai mu baɗi." Na ce ya yi aikinsa ya bar surutu.

Asabar, 8 ga Satumba

Alhaji ya zo.

Na kai shi ɗakin da kaina, na buɗe ƙofa. Ya ga itacen ya kai ƙugu, ya yi salati. Ya je ya zagaya murhun, ya tsuguna ya leƙa cikinsa, ya tambayi wanda ya gina, har yana cewa a turo wa matansa Goggo. Ya ci tuwo ya sa albarka. Zuciyata sai tsalle take yi, shashasha.

Bayan ya wanke hannu ya ce, "Bara'atu, kin ba ni kunya, kin riƙe gida. Khaulat taki ce, babu mai taɓa ta. Amma namiji sai a gaban maza, kuma jibi ake komawa makaranta. Na riga na sama masa gurbi a Itas." Na ce, "Yaya Alhaji, ai itacen bai ƙare ba." Ya sunkuyar da kai. "Na faɗa, ban musa ba. Ban zaci zai kai haka ba ne." Sai ya tambaye ni, a gaban Goggo da ta zo mana kwana biyu, da Ya Gana da ta shigo gaishe shi, ko ina da ja a kan yaron.

Ɗan fari ne. Wace uwa ce za ta buɗe baki gaban manya ta ce tana son ɗanta na fari? Ko sunansa ba na kira a gabansu, a takardar nan kaɗai nake rubuta shi. Goggo mai bakin nan ma ƙasa ta kalla. Na ji muryata tana cewa, "Ai naku ne."

Ashe yaron yana tsaye a bakin zaure. Ya ji.

Lahadi, 9 ga Satumba

Sun tafi da hantsi. Ban raka shi ba, ba a yi. Ta tagar ɗakin girki na ga ƙeyarsa a bayan mota. Wata biyar ina ba yaron nan tuwo mai sanyi da wanka da ruwan randa, na hana shi gashin dankali, duk don ya zauna.

Litinin, 17 ga Satumba

Azumi ya kama. Kullum in na zo awon gari sai hannuna ya ɗebi na mutum uku. Sai na zuba a ƙwarya nake ganewa, in mayar da sauran cikin buhu. Khaulat ta lura, ta daina kallo.

Mai acaɓan Itas ya ce yaron yana lafiya, har ya yi ƙiba. Ban san me ya sa wannan ya fi komai yi mini zafi ba.

Laraba, 24 ga Oktoba

Ba wani labari. Na gama huluna biyu, Iyabo ta karɓa. Ɗakin itacen can ya fara ƙwari, na ce wa matan unguwa kowa ta zo ta ɗebi itace, ni kaɗan ya ishe ni. Murhun ya tsage ta gefe, na kwaɓa laka na liƙe da kaina, bai yi muni ba. Khaulat ta ce in yi mata dambu, na yi, mun ci mun ƙoshi, ko loma ba ta rage ba.

Sai da na zo wanke ƙwaryar awo na tuna ban mayar da komai cikin buhu ba. Na mutum biyu cif hannuna ya ɗiba.

Wataƙila garin ne ya yi ƙasa.