Ga Zulkifilu da Rumasa'u, a kan lambun bayan gida

Da sunan Allah. Ni Tayyiba Ladan, ina rubuta wannan a gidanmu na Lanham, nan ƙasar waje, cikin watan Maris, da hankalina garau. Ƙafafuna ne suka gaza. Likita ta faɗa mini gaskiya, jikina ma ya riga ta faɗa: da wuya in ga zafin bana.

Gado Allah ya riga ya raba shi, liman ya san aikinsa. Maganata a kan lambu ce.

Na ɗaya. Kwalaben iri da ke saman firji, na yakuwa da rama da kuɓewa, na Rumasa'u ne. Yakuwar nan daga gonar mahaifiyata a Gwarzo ta fito, kowace shekara ni nake sabunta irinta. Idan ta tsallake shekaru ba a shuka ba, ta mutu ke nan.

Na biyu. Ƙasar tana hannunka, Zulkifilu, tunda kai ne a gidan. Na ji kana son zuba siminti a wurin don ajiye mota. Motarka ta kwana a titi, ba ta jin sanyi.

Ban yi wannan rabo da kuskure ba. Ke Rumasa'u kina bene hawa na huɗu a Annandale, ba ki da ƙasa ko ta cika tafin hannu. Kai kuma ba ka da iri. Tun ranar Sallah da kuka yi cacar baki a kan simintin nan ba ku gaisa ba, kuna tsammanin ban lura ba. Wallahi abin ya fi ciwon nan ci mini rai.

Na uku. Kada ruwan farko ya ruɗe ku. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shekarar da muka tare a gidan nan ya ga an yi ruwa a Maris, sai ya fita da fartanya kamar yana ƙauyensu, ya shuka kuɓewa duka. Raɓa ta daskare da asuba, ko ɗaya ba ta tsira ba. Har ya rasu yana cewa irin ne ba kyau. Yanzu latas da albasa da karas kawai za ku sa, su ba ruwansu da sanyi. Sauran sai tsakiyar Mayu, in kun taka ƙasa ba takalmi da safe kun ji ba ta cizo.

Na huɗu. Tumatir da attarugun da na yafa a kofunan yogot suna tagar kicin. Kafin dashe ku riƙa fitar da su su sha iska da rana, ku mayar da yamma. A gyara wayar shinge ta gefen Linda maƙwabciyarmu, ta nan barewa ke shigowa. Kuma a ba Linda tumatir ɗin farko, ta sha shayar mini da lambu ina asibiti.

Ban ce ku shirya yau ba, na san taurin kan da na haifa. Amma ranar dashe ku zo ku biyu, kai ka haƙa rami, ke ki sa. In ba ku da abin faɗa wa juna, ku yi aikin shiru. Daga ni sai ku a ƙasar nan, ni kuma na kusa tafiya.

Na yafe muku duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya sa kada ɗayanku ya ji labarin ɗan'uwansa a bakin wani.

Mahaifiyarku,
Tayyiba