Wani Tsoho Daga Garinmu

Gandun Daji, 3/11/1986

Zuwa ga Baba, Malam Datti,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Bayan haka, kullum kana cewa kana son ganin inda ruwan kanal ɗinku na noman rani yake fitowa. Ranar Asabar zan raka wasu manyan baƙi daga Legas zuwa magangarar ruwan dajin da nake gadi. Ka zo kafin dashen tumatir. Tafiyar ƙafa ce, amma za ka iya.

Ɗanka, Garzali.

Gandun Daji, 10/11/1986

Baba,

Bayan gaisuwa, lafiya ka tafi ba sallama? Na neme ka har tasha. Ko hawan dutsen ne ya wahalar da kai?

Garzali.

Bunkure, 19/11/1986

Garzali,

Muna lafiya, alhamdulillahi. Ƙanwarka Saude ce take rubuta mini.

Dutse bai wahalar da ni ba. Na ga ruwan, fari fat, yana zubowa da rugugin da ba ka jin maganar na kusa da kai. Na yi alwala da shi, na gode wa Allah.

Amma tun a gindin dutse ka ɗora mini akwatin lemon baƙinka a ka. Na ɗauka, na ce taimakon ɗana nake yi. Da muka kai sama, wani mai hula cikin baƙin ya nuna ni, ya yi tambaya da Turanci, ka amsa kuna dariya. Direbansu Bahaushe ne. Na tambaye shi me ka ce. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, cewa ya yi wani tsoho ne daga garinsu."

Da za a ɗauki hoto, kai da kanka ka ce in ɗan matsa gefe.

Allah ya yi maka albarka.

Datti.

Gandun Daji, 28/11/1986

Baba,

Ina gaisuwa. Ba ka san halin aikin nan ba. Mutanen nan su suke sa baki a ƙarin girma, kuma da rigar gona ka zo. Ka yi haƙuri. Zan zo da Sallah mu yi magana.

Garzali.

Bunkure, 8/12/1986

Yaya Garzali,

Na karanta wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki fartanya ya fita.

Filin bakin kanal da ya hana kowa taɓawa, yana cewa naka ne in ka dawo, jiya ya ba Abbas ɗan maƙwabta. Har ya fara dashe.

Ka huta lafiya.

Saude.