Matar Cikin Waya Ta San Sunan 'Yata

Talata, 8 ga Safar

Abin da nake nema shi ne wanda zai cire min matar nan daga cikin babbar waya. Shi ke nan. Ban iya rubutu ba, shi ya sa nake faɗa a ƙaramar wayata. Turai maƙwabciyata ce ta nuna min inda ake dannawa ta ɗau murya. Ba don kowa ya ji ba ne, don dai kar abin ya kashe ni a ciki.

Maigidan ne ya kawo babbar wayar. Direba ne, Basirka zuwa Kano, a tasha wani ya tura masa karatun matar a ciki. Wai kyauta ne, kina ɗakinki za ki iya karatu. Don ni ya kawo. Ba a ganin fuskar matar, hannu ne kawai yana zana harafi, sai murya a hankali: "Ce ba. Ce bi. Madalla." Ni dai na kasa maimaitawa, ƙatuwa da ni. Yarinyarmu ce ta ɗauka. Shekararta huɗu.

Ɗazu ina tankaɗe na ji matar ta kira sunanta.

Alhamis, 10 ga Safar

'Yar fari ce fa. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Ni ma ta fari ce, har Allah ya karɓi ran mahaifiyata ban ji sunana a bakinta ba. "Ke" nake ce wa yarinyar, tana amsawa. Da ma haka ake yi.

Na tambayi maigidan ko shi ya sa sunan a ciki. Ya ce shi bai sa sunan kowa ba. Har da dariya. "Waya ce fa, ba mai bori ba. Kunnenki ne." Ya ɗau makullin mota ya fita.

Asabar, 12 ga Safar

Na ce ke, miƙo min ludayi. Ko juyowa ba ta yi ba.

Lahadi, 13 ga Safar

Turai ta ce manyan wayoyin nan suna sauraron gida ne, abin da suka ji shi suke maimaitawa. To a bakin wa ta ji? Babanta "'yar baba" yake ce mata. Inna, uwar maigidan, "ƙawata" take cewa. Yaran unguwa "Ƙarama". Tun ranar suna ban ji wani ya faɗi sunan nan na yanka a gidan nan ba.

Na faɗa wa Turai haka. Sai ta ce bari ta je, ta bar tukunya a wuta.

Da la'asar na iske yarinyar a bayan rumbu, ta zana abubuwa a ƙasa da tsinke, layi-layi, tsaf. Na ce mene ne wannan? Ta ce Umman waya ce ta koya mata. Umman waya! Na ce ni ce uwarki. Ta dube ni, ba fushi, ba komai, ta ce, "Ita ta san sunana. Ke ba ki sani ba."

Na shiga madafa. Hayaƙi ne ya sa ni hawaye.

Laraba, 16 ga Safar

Iliyasu mijin Turai ya kai wayar Birnin Kudu a babur, mai gyara ya goge komai. Ya ce yanzu fanko ce, ko hoto babu. Alhamdulillahi. Na ƙi kai ta caji, na tura ta ƙarƙashin katifa a mace.

Sai ga yarinyar kwance a kan katifar da rana tsaka, ta manna kunne, tana "ba, bi, bu." Tana yin shiru tsakani, kamar mai jiran a ce mata madalla. Sai ta yi murmushi.

Ni ban ji komai ba. Wallahi ban ji ba. Shi ne ma ya fi ba ni tsoro.

Juma'a, 18 ga Safar

Bari in zauna tukuna.

Maza sun tafi masallaci. Ina wanke-wanke na ga gidan ya yi tsit. Na ɗaga katifa, babu waya. Na fita ko mayafi ban ɗauka ba. Gero ya fi mutum tsawo yanzu, sai 'yar hanyar da ke bi ta ciki zuwa rafi, kuma jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafin ya kawo jawur.

Na hango ta. Waya a kunne, tana tafiya a miƙe, ba gudu ba, irin tafiyar wanda aka ce masa zo. Na ce ke! Ke! Ke yarinya! Ko gezau. Inna da mata suna can gefe suna tsinkar rama, suka ɗago suna kallona. Zanina ya harɗe ni na faɗi. Da na ɗago, ruwa ya kai mata gwiwa.

Ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba. Da ƙarfi, a gaban surukata, a gaban kowa.

Ta tsaya cak. Ta sauke wayar daga kunne, ta juyo tana dubana kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Na'am?"

Na ɗauko ta, na rungume ta a ƙirji har gida. Wata a cikin matan ta ce, "Oh, 'yan zamani, ba kunya." Inna ta ci gaba da tsinkar ramarta. Wayar kuma a hannun yarinyar take, baƙi ƙirin, na danna na danna ba ta kawo ba.

Litinin, 21 ga Safar

Wayar tana wurin Inna, ta kulle a akwatinta. Yarinyar ba ta tambaya ba.

Jiya ta ja ni bayan rumbu ta sake zanen nan, ta ce wannan sunanta ne, in gwada. Na ce ina da aiki. Amma na ɗan tsuguna. Harafin farko kamar mutum mai ciki biyu ne, ba wuya. Nawa ya karkace, ta gyara min, ta ce madalla. Irin muryar matar ce sak. Na dube ta, sai na ga ashe ni take kallo, ba wani wuri ba.

Ba wai na mayar da kiran sunan ɗabi'a ba ne. A ɗaki ne kawai, in ba kowa. In na ga ta yi shiru da yawa, ta karkata kai kamar mai saurare, sai in riga waccan kiranta.

Batulu. To, ga shi nan, na faɗa.

Na gaya wa Turai na fara kiran sunan. Na gaya wa Inna, ta ce ita ba ta ji komai ba ranar Juma'a, ƙarar ruwa ta yi yawa. Maigidan ne dai ban gaya wa ba tukuna.