Faɗuwar da na saka a rawa

Assalamu alaikum 'yan zaure, mai kula da zaure ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar.

Ni ɗan Damagaram ne, ina aikin gini a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Bara na shiga koyon rawar zamani a gidan matasa, wajen wata malama da ta zo daga Alje, babban birnin ƙasar. Rawarta ba irin ta biki ba ce, kiɗa kaɗan ne, jiki ke magana. Abin da ya gagare ni shi ne faɗuwa, kullum sai ta ce ina tare kaina da hannu, in saki nauyina daga gwiwa, in tuna wata faɗuwa ta gaske da na taɓa gani.

To na taɓa gani. Shekara uku ke nan, muna hanyar zuwa nan motarmu ta mutu cikin sahara bayan Arlit, ruwa ya ƙare muka taka da ƙafa, abokina, bari in ce masa Sani, ya durƙusa yana jan kunnensa na hagu yadda yake yi tun muna yara in ya tsorata, sannan ya kife. Na waiwaya na ga yana motsi, ban koma ba. Wannan faɗuwar na kwaikwaya wa malama, har jan kunnen. Sai ta ce da ita za mu rufe wasan da za mu nuna wa jama'a ranar Asabar.

Yayan Sani yana sayar da takalma a kasuwar Assihar nan Tamanrasset, shi ya samo mini aiki. Abin da na gaya masa tun farko, Sani a cinyata ya cika ina biya masa kalmar shahada. Shekaranjiya ya kawo mini saƙon gida, ya tarar muna gwaji, ya tsaya bakin ƙofa har na ja kunne na faɗi. Da na fito bai ba ni hannu ba. Ya ce, "Ƙanena da ka ce ya cika kwance a cinyarka, ta ina ya kife haka?" Na ce rawa ce kawai Yaya. Ya ce zai zo Asabar ya zauna a gaba.

Na roƙi malama a cire wurin ta ƙi, wai mu bakwai wata huɗu muna wahala a kansa. Ni ma gaskiya, sai da na fara faɗuwar nan ƙirjina ya yi sauƙi.

Shin in same shi a rumfarsa in ce da rai na bar ƙanensa, ko in ƙi zuwa wasan, ko in hau in faɗi a gabansa? Mahaifiyarsu tana raye, kuma maganar shahadar nan ce ta sa ta dangana. Yaya zan yi?